Yadda ake shuka furen wardi mai yawan fure a kula da shi a nan Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya shigo gidanmu cikin watan Disamba ya ga wardin nan ya cika da fure sai ya tambaye ni wai daga Jos nake kawowa ko kuwa wani magani nake zuba masa, toh shi yasa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yi tun daga saye har zuwa yanka, don wallahi ba wani sirri a ciki, abin da yake kashe wa mutane wardi a garin nan shi ne bin lissafin Turawa da suke gani a intanet. Su can suna da lokacin ƙanƙara da itacen yake barci, mu nan babu, wardinmu baya barci sam, shekara ɗungurungum yana aiki. Lissafinmu damina ne da hunturu da bazara, kuma mafi kyawun furenmu a hunturu yake fitowa, lokacin da nasu yake tsaye ba ganye.

Da farko ka san abin da zaka saya. Wardi, wanda masu sayar da fulawa suke ce wa ros, ba iri ɗaya bane. Akwai wanda sau ɗaya yake fure a shekara ya huta, irin na Ɗa'ifa a Saudiyya da ake tatsar ruwan wardi da turare daga gare shi, shi wajen Maris zuwa Afrilu yake yi shikenan sai baɗi. Akwai kuma mai maimaitawa, wanda da ya gama wannan zubin zai ɗauko wani, shi muke magana. Wannan halin na maimaita fure daga wardin ƙasar Sin aka samo shi, da aka kai shi Turai wajen ƙarshen shekarun 1700 aka riƙa haɗa shi da nasu, yawancin wanda muke gani yau jikokinsa ne. A cikin masu maimaitawar ma ni shawarata ka nemi mai yin cunkus kamar ƙaramin kurmi, mai rassa da yawa da fure tsibi-tsibi a kan reshe ɗaya. Ka bar wancan mai doguwar sanda da fure ɗaya ƙato irin na cikin leda da ake kai wa amarya, yana da kyau ba musu amma shagwaɓaɓɓe ne, irin wanda ake nomawa cikin rumfa a bakin tafkin Naibasha a Kenya, zafin Maris ɗin Kaduna yana wahalar da shi sosai. Idan ka dace da irin da ake ce wa Iceberg, fari ne, wanda aka fitar a Jamus a 1958, ko Knock Out da ya fito a Amurka a 2000 wanda ya yi suna wajen jure ciwon ganye, toh ka ɗauka. Amma gaskiya yawancin masu fulawa na bakin titi ba suna zasu gaya maka ba, ja ne ko fari ko ruwan hoda kawai zasu ce, don haka ka yi masa tambaya ɗaya: Malam, ina uwar da ka yanko wannan? Idan ya nuna maka ita ka ga akwai busasshen fure da buɗaɗɗe da wanda bai buɗe ba duk a jikinta lokaci guda, mai maimaitawa ce. Mafi alheri ma shi ne wanda ka gani a gidan maƙwabci ya shekara biyar yana fure, wannan ya riga ya saba da ƙasarmu, ka roƙi reshe, zan faɗi yadda ake dasa reshen a ƙasa.

Wajen zaɓa kada furen da ke kai ya ruɗe ka. Ka duba gindi, ka nemi mai sanda uku ko fiye masu kauri kore shar, ganye ba ɗigo baƙi, ka juya bayan ganyen ka duba ko akwai kwari. Ka ɗan ɗaga ledar, idan ƙasar tana zubewa itacen yana rawa a ciki toh jiya-jiya aka cusa shi bai yi saiwa ba. Sannan ka duba ko mai aure ne, kamar dai yadda ake wa mangwaro, zaka ga wani kulli a gindi inda aka haɗa. Ka riƙe wannan a ranka don zai yi amfani nan gaba.

Sai wuri. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa tun kafin su fara. Wardi yana son rana aƙalla awa 6 a yini, idan ka sa shi ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya zai yi ta miƙewa siriri ba fure, ga saiwar bishiyar tana shanye masa ruwa da taki. Amma kuma ba kowace rana ba, ranar hantsi yake so, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, ita take busar da raɓar da ta kwana a ganye. Ranar bayan azahar a bazara ƙuna ce kawai. Don haka gefen gabas na gida ya fi, inda ginin zai yi masa inuwa da yamma. Kada ka manna shi da katangar da rana take duka da la'asar, bulo yana ɗaukar zafi ya yi ta mayar masa har dare, ka bar kamar taku ɗaya tsakani iska ta riƙa wucewa. Kuma ka ɗaga kai ka duba indararo, kada ruwan kwano ya riƙa zuba a kansa. Idan gidan akwai awaki ko na maƙwabta suna shigowa ka fara yin shinge kafin ka kawo itacen, ƙayar nan bata hana akuya komai, sabon toho take bi kuma a kansa furen yake.

Lokacin dasawa biyu ne. Wanda bashi da wadataccen ruwa ya dasa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni da ruwa ya zauna, itacen ya kama kafin ruwan Agusta mai yawa. Wanda yake da rijiya ko bohol ni na fi so ya dasa a Oktoba da damina ta ja baya, ƙasa da sauran danshi, ciwon ganye ya ragu, ga sanyi yana tafe. Kada dai ka dasa a Maris ko Afrilu, kuma kada ka dasa a tsakiyar Agusta.

Rami shi ne rabin aikin, dan Allah kada a yi masa ha'inci. Ƙasar yawancin unguwanninmu ja ce, wani wurin ka yi ƙafa ɗaya ka tarar da marmara, ga sababbin gidaje cike da ɓaraguzan siminti da magina suka binne. Ka haƙa ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi, wato wajen santimita 60 kowane gefe, ka ware ƙasar sama daban, ka tsince duk wani guntun bulo da siminti ka fitar, don wardi yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan shi kuwa siminti kashe tsamin yake, shi ne zaka ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Haka ma toka idan ta yi yawa. Da ka gama haƙa ka cika ramin da ruwa da yamma, ka dawo da safe. In ya tsotse alhamdulillahi. In ka tarar da ruwa kwance, wanda yakan faru a wuraren da ke kusa da kogin Kaduna da masu laka, toh kada ka dasa a ramin, ka tayar da tudu kamar ƙafa ɗaya ka kewaye da bulo ka dasa a sama. Saiwar wardi in ta kwana biyu-uku cikin ruwa ruɓewa take, sai ka ga ganye yana yaushi alhali ƙasa jiƙe take, mutum ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa ya ƙarasa shi.

Haɗin da zaka mayar cikin ramin: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen kashin shanu, sai ɗan yashi ko ruɓaɓɓen buntun shinkafa idan ƙasar mai danƙo ce. Na ce ruɓaɓɓe, ina nufin wanda ya yi wata uku ko fiye a jibge, ya koma baƙi yana marmashewa a hannu ba wari ba zafi. Ana samun kashin shanu wajen Zango a Tudun Wada ko wajen Fulanin da ke gefen gari, amma sau da yawa ɗanye ne, ka saya da wuri ka jibge a lungu kana ɗan yayyafa masa ruwa. Ni na taɓa yin gaggawa na zuba ɗanyen kashin kaji daga wata gona, cikin sati ɗaya itace uku suka ƙone min, har yau in na tuna raina yana ɓaci don ɗaya daga ciki mahaifiyata ce ta ba ni reshen. Kuma ka barbaza takin ka tsince gwazarma, waɗannan fararen tsutsotsin masu ƙiba, suna cin saiwa.

Ka dasa da yamma bayan la'asar. Ka shayar da shi tun yana cikin leda, ka yanke ledar da reza kada ka fizge, ka sa shi yadda ƙasar ledar zata yi daidai da fuskar ƙasar gidan. Idan mai aure ne kullin ya zauna daidai saman ƙasa kada ka binne shi, littattafan Turai suna cewa a binne saboda ƙanƙara ne, mu nan danshi ne zai ruɓar da shi. Ka danna ƙasar da hannu, ka yi ɗan kwarmi a kewaye da zai riƙe ruwa, ka zuba bokiti guda a hankali. In fiye da ɗaya ne ka bar mita ɗaya tsakaninsu, yanzu zaka ga kamar fili ya yi yawa amma bayan shekara biyu zaka gode. Wani abu kuma mai wuya a zuciya, furen da ya zo da shi ka cire, ka bar shi ya sa ƙarfinsa a saiwa wata ɗaya zuwa biyu.

Wanda gidansa duk intalok ne ko yana haya, tukunya ma tana yi, amma babba, kamar rabin duro ko bokitin fenti mai lita 20 a ƙalla, a huda ƙasan sosai a ɗora kan bulo. Baƙar roba tana dafa saiwa a rana, a shafa mata farin fenti ko a naɗe ta da buhu.

Ban ruwa kuma ba yayyafi kullum ba, a ba shi ya ƙoshi sannan a bari saman ƙasa ya ɗan sha iska. Sati biyun farko kullum. Bayan ya kama, a hunturu bokiti ɗaya sau biyu zuwa uku a sati ya isa, a bazara kwana ɗaya tsakani, na tukunya kuwa kullum wani lokacin safe da yamma. A damina ka ajiye bokitin sai in an yi kwanaki ba ruwa. Ka cusa yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi a gaɓa ta biyu ka bari sai gobe. A gindi ake zubawa da safe, ba a kan ganye ba, kuma ruwan wanki da na wanke-wanke ba nasa bane, na alwala dai ba laifi. Daga Nuwamba ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku don iskar hunturu tana busar da ƙasa da sauri, sai dai ka bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da sandar itacen, kuma duk sati ka ɗaga ka leƙa saboda gara, mun san halinta a garin nan, in ta samu busasshen abu manne da gindi sai ta bi ta hau.

Yanzu ga abin da yake sa ya maimaita, wanda shi ne dalilin rubutun nan. Itace ba don mu yake fure ba, don ya yi 'ya'ya yake yi. In ka bar furen ya bushe a kai zai ƙulla wani ɗan ƙwallo a ƙasansa mai iri a ciki, da ya ƙulla shikenan a wajensa aiki ya ƙare sai ya rage fure. Kai kuma aikinka kada ka bari ya kai nan. Da furen ya fara zubar da kunnuwansa ka ɗauko almakashi, ka bi reshen ƙasa, zaka ga ganyen da ke kusa da furen 'ya'yansa uku ne, ka wuce su har ka iso ganye mai 'ya'ya biyar wanda yake kallon waje ba cikin itacen ba, a hammatarsa akwai ɗan ido, ka yanke kamar rabin santimita a samansa a karkace yadda ruwa zai gangare. Daga wannan idon sabon reshe zai fito, cikin sati 6 zuwa 8 ya sake fure. In tsibi ne ka riƙa cire wanda ya mutu ɗaya-ɗaya da farce, sai duk sun ƙare ka yanke tsibin gaba ɗaya. Ni duk ranar Juma'a da safe da Talata nake zagayawa, minti goma bai kai ba. Wannan sati 6 zuwa 8 ɗin ka riƙe shi, in akwai biki ko suna a gidan ko kana so ya cika ranar Sallah, sai ka ƙirgo baya ka yi yankan ka sa taki.

Takin kuwa bayan kowane zubi ake ba shi, don kowane fure da ya yi daga jikinsa ya cira. Sabon dashe kada ka ba shi takin zamani sai ya yi wata biyu. Babba kuma NPK 15:15:15 ƙaramin gwangwanin tumatir wanda bai cika ba, ka shayar tukuna, ka barbaɗa a kewaye nesa da gindi kamar taƙi ɗaya, ka ɗan tona ka rufe ka sake ba da ruwa. Na tukunya cokali ɗaya ya isa. Yuriya zalla kada ka saba masa da ita, ganye zata ba ka mai laushi wanda kwari suke so, fure kaɗan. Sau biyu a shekara, farkon damina da Oktoba, ka ƙara shebur ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen kashin shanu a sama. Daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka ni bana sa takin zamani ko kaɗan, zafi yana haura digiri 35, furen zai ƙanƙance launinsa ya koɗe ya zube cikin kwana biyu, kada hankalinka ya tashi ba ciwo bane, ruwa kawai yake buƙata da ɗan inuwar yamma. Jos da take sama da mita 1,200 bata shan wannan kamar mu da muke wajen rabin haka, shi yasa nasu yake fin namu girma, amma a Disamba da Janairu da dare yake sanyi namu ma baya jin kunya.

Babban aski sau ɗaya nake yi, a Oktoba da ruwa ya ɗauke. Ka sa safar hannu mai kauri, ka goge almakashin da sifirit, kuma ya zama mai kaifi don dakusasshe murje reshe yake daga nan ya fara baƙi yana mutuwa yana gangarowa. Ka fara cire matattu da masu ciwo, ka yanka har sai ka ga cikin sandar fari. Sai sirara da basu kai kaurin fensir ba, sai waɗanda suka gitta suna gogar juna, ka buɗe tsakiyar iska ta shiga. Abin da ya rage ka rage masa kashi ɗaya cikin uku na tsayi, kada ka gundule shi har ƙasa, irin wannan mai cunkus ɗin baya so. In ya haura shekara uku ka riƙa cire tsohuwar sanda ɗaya daga tushe duk shekara don sababbi su fito. Ka share ganyen da ya zube tas, ka sa taki, ka ba da ruwa, zuwa farkon Disamba zaka gani da idonka. A Mayu kuma ɗan gyara kawai, a cire abin da bazara ta ƙona. Shekarar farko ba aski sai cire matacce. Mai aure kuma, duk tohon da ya fito daga ƙasan kullin nan na gindin dajin da aka haɗa shi a kai ne, yana saurin girma kuma ba zai ba ka furen da ka saya ba, ka tona ka fizge shi daga inda ya fito, in ka bar shi zai ƙwace itacen. Amma jan toho mai kauri da ya fito daga kan kullin ko samansa kada ka taɓa, shi ne arzikin itacen.

Ciwo mafi muni a nan shi ne baƙin ɗigo na damina, Yuli zuwa Satumba. Zaka ga ɗigo baƙi a ganyen ƙasa, kewayensa ya yi rawaya, ganyen ya zube, ya yi ta hawa har itacen ya koma tsirara. Ƙwayar cutar sai ganye ya yi wajen awa 7 a jiƙe take kamawa, kuma fantsamar ruwa ce take ɗauke ta daga ƙasa zuwa sama, kaga dalilin da na dage kan ranar hantsi da tazara da share ganye. Duk ganyen da ya kamu ka tsinke ka ƙona kada ka zuba cikin taki. In abin ya yi yawa akwai mankozeb a shagunan maganin gona, kariya yake yi baya warkar da wanda ya riga ya kamu, don haka tun farkon Yuli ake farawa, a bi awon da ke jikin ledar, a rufe hanci da hannu, a kawar da yara da kaji. A sanyi kuma wani lokacin farar hoda takan fito a sabon toho ya nannaɗe, a yanke wurin. Kwari kuwa akwai ƙananan kore masu taruwa a kan toho suna tsotsa suna barin danƙo irin darɓa, waɗannan da yatsa ma ana murje su ko a watsa musu ruwa. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne wani ɗan mitsitsin gizo-gizo da ke bayan ganye a lokacin ƙura da zafi, ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, nan ne kaɗai nake cewa a wanke ganye, da sassafe a feshe bayansa da ruwa mai ƙarfi sau biyu a sati. Maganin kwari na gida kuma a daka busassun 'ya'yan darbejiya wajen giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, in ka fesa da tsakar rana ganyen zai ƙone.

Saura dasa reshe da na yi alkawari. Ka yanko reshen da bai daɗe da gama fure ba, kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya mai ido huɗu ko biyar, ka yanke ƙasan daf da ido, ka cire duk ganye sai biyun sama. Ka cika leda da rabin yashi rabin ƙasa ba taki, ka huda da tsinke ka cusa rabin reshen, kada ka juya shi kai ƙasa, ka danna ka shayar, sai ka yanke gindin gorar ruwa ka kifa masa, a ajiye a inuwa mai haske. Yuni da Oktoba sun fi kamawa. Ka yi guda goma don ba duka zasu yi ba. Sati biyu zaka iya ganin toho, kada ka yi saurin ciro shi ka duba, abincin jikin reshen ne yake ci, saiwa sai sati 4 zuwa 8. In ka ga ta leƙo ta hudar ledar sai ka cire gorar, ka riƙa fito da shi ranar safe kaɗan-kaɗan na sati biyu, sannan ya tafi raminsa.